Askar Baba

Akwai maganar da na san ta iso kunnenku, ko da ba wanda ya faɗa muku ita a gabana. An ce shekarar da kakanku ya kwanta ciwo, ni ne na hana a kai shi asibiti har kwana shida saboda wani guntun ƙarfe mai tsatsa. Baffanku Garba ne ya faɗi haka, Allah ya jiƙansa, kuma bai yi ƙarya ba. Kwana shida ne, ƙarfen kuma mai tsatsa ne. Sai dai akwai abin da ya faru a tsakani, kuma tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka zauna a zauren gidanmu a ranakun nan, gara in rubuta muku shi yadda yake, da inda nake ganin na yi daidai, da inda har yau ban sani ba.

A lokacin ina aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata makarantar sakandare, ina wanke kwalabe, ina jera wa ɗalibai kayan awo. Kullum a babur nake zuwa daga ƙauyenmu, can gaba da Dawakin Tofa. Baba ya haura tamanin. Jikinsa da ƙwari, yana iya zagaya gonar bayan gida ba sanda, amma kansa ya fara barinsa. Sai ya kira Inna da sunan yayarsa da ta rasu tun muna yara. Sai ya tashi da rana tsaka ya ce a miƙo masa takalmi zai tafi awon gyaɗa, aikin da ya bari tun kafin in yi wayo. Duk wannan mun saba, muna lallaɓa shi. Abin da ya ɗaga mana hankali ya fara ne wata Juma'a da Wanzam Ɗanlami ya zo yi masa aski kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Ya jiƙa masa kai, ya zaro aska yana wasa ta a fata, sai Baba ya zuba wa askar ido, ya ƙwalla ihu wai a zo a cece shi za a yanka shi. Daga ranar bai ƙara yarda wani ƙarfe ya matso kusa da kansa ba. Ya ja hula ya rufe har kunne. Da ita yake kwana, da ita yake wanka, ko alwala ta samanta yake shafa.

Aka yi wata huɗu a haka. Mun ɗauka gashi ne kawai, in ya taru ya taru. Inna ce ta fara jin wari. Wata rana yana gyangyaɗi a kan tabarma ta ɗaga gefen hular a hankali, ta ga gashin bayan kunnensa na hagu ya manne wuri guda ya jiƙe. Ƙurji ne ya fito a ƙarƙashin gashin, ya fashe, yana ruwa. Muka kira Malam Isa, malamin asibitin ƙauyenmu. Bai samu ya duba sosai ba, don Baba na ganin jakarsa ya dafe hula da hannu biyu. A waje ya yi mana bayani.

"Zan ba da ƙwaya, Inna ta dinga jefa masa a fura. Amma ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba. Sai an aske wurin, an wanke, an ga zurfinsa. Kuma wurin nan kusa da kunne yake, ba na son ya daɗe."

Ba abin da ba mu gwada ba. Na sayo almakashi sabo, ya ture. Na aro kilifa mai batir a wurin masu aski na bakin kasuwa, yana jin ƙugunta ya shige ɗaki ya tura ƙofa. Na sayo 'yar rezar roba irin ta zamani, ya jujjuya ta ya wurgar a kwata. Daga ƙarshe Yaya Garba, wanda shi ne babba kuma shi ke riƙe da gidan, ya kira maƙwabta biyu aka danne Baba a kan tabarma, Wanzam na tsaye da aska. Ina wurin, kuma ban hana ba. Ban taɓa sanin tsoho yana da ƙarfi irin haka ba. Ya yi ta fizge-fizge yana kiran sunan mahaifiyarsa, fitsari ya kuɓuce masa, can sai jikinsa ya saki, idonsa ya juye. Wanzam bai ko taɓa shi ba ya mayar da askarsa zabira ya fita. Da Baba ya farfaɗo kwana biyu bai ci komai ba. In Yaya ya shigo sai ya juya fuska bango ya ce a fitar masa da mahaucin nan. Malam Isa ya auna jininsa ya ce mana in aka sake irin wannan, zuciyar tana iya tsayawa.

A kwana na uku ne, ina zaune kusa da shi ina ba shi kunu, ya dube ni da ido garau kamar ba shi ba.

"Me ya sa kuke ta kawo mini baƙi? Ku miƙo mini askata mana. Ni zan yi da kaina."

Na san wadda yake nufi. Ba irin ta wanzamai ba ce, shi ne dai yake ce mata aska. Wani ɗan ƙarfe ne mai hannu kamar tsawon yatsa, a kansa akwai faranti mai haƙora kamar mataji, da marfi. Ana murɗe hannun, a ɗora reza tsakanin farantin da marfin, a sake ɗaurewa, bakin rezar ya leƙo kaɗan ta saman haƙoran. Wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa da Baba ya yi wa awon gyaɗa a Kano, shi ne ya ba shi ita tun yana saurayi. Da ita ya yi mana aski muna yara, ni da Yaya, kafin idonsa ya yi rauni ya koma wa wanzami. Na tambayi Inna inda take. Ta nuna min kangon da ke bayan madafa.

"Tana cikin gwangwanin alewa, a alkukin tsohon ɗakinsa. Ɗakin da ya faɗi damina biyu da suka wuce."

Da la'asar muka zauna a zaure, ni da Yaya da Inna. Yaya ya riga ya gama shawara. Ya ce gobe da safe zai ɗauko mota, a naɗe Baba a bargo a ɗaure, a kai shi babban asibiti a Kano, a can su yi masa allurar barci su yi abin da za su yi. Ina so ku sani cewa maganarsa ba ta rashin imani ba ce. Shi ne yake kwana a ƙofar ɗakin Baba, shi yake wanke masa kaya. Amma ni abin da nake gani a idona shi ne yadda idon Baba ya juye a kan tabarmar nan, ga kuma hanya mai nisa da ramuka, mutum a ɗaure yana ihu.

Na ce, "Yaya, ka ba ni kwana uku."

Ya ce, "Ka yi me da su?"

"In tono askar. In ya gan ta, wataƙila ya cire hular da kansa."

"Wataƙila. Sani, mutumin da bai san matarsa ba shi zai san ƙarfe? Kuma abin da ya shekara biyu a ƙarƙashin ƙasa, me kake zaton za ka tarar?"

Na ce ban sani ba. Sai ya ce kwana uku, ba ƙari, kuma duk abin da ya faru a cikinsu in san a wuyana yake.

Washegari na aika wa shugaban makaranta cewa makon nan ba zan samu zuwa ba, na ɗauki fartanya da kwando na shiga kangon. Ginin ƙasa in ya faɗi ya sha ruwa biyu, komawa yake kamar dutse, ga awaki sun mayar da wurin makwanci. Inna ta tsaya daga gefe tana nuna min inda gado yake a da, da bangon da alkukin yake. Na yi ta haƙa ina tsoron kada bakin fartanya ya sare abin da nake nema, don haka in na yi sara biyu sai in koma tono da hannu. Na fito da rabin fitilar ƙwai, da wani ruɓaɓɓen takalmi, da carbi da ya tsinke. Sai bayan azahar yatsana ya taɓa gwangwanin. Ya lotse, murfinsa ya cinye, ƙasa ta cika shi. Na zazzage a kan faifai, ga ta nan.

Da na ɗauke ta gabana ya faɗi. Ba don na san ta ba, da ban ce aska ba ce. Dunƙulen ƙasa ne ja da kore. Ashe Baba ya bar tsohuwar reza a ciki, ita ce ta yi tsatsa ta narke, ta manne marfin da farantin suka zama abu ɗaya. Haƙoran sun toshe. Hannun ya yi kore shar, kuma ya tsage a tsaye daga ƙasa har kusan tsakiya. Na gwada murɗawa, ko motsi. Yaya ya leƙo ya gani, ya wuce masallaci.

A wurin aikina akwai ruwan da in na tsoma ta a ciki, kafin a ɗebo ruwa a rijiya tsatsar ta tafi. Na yi tunaninsa. Amma na san ruwan nan ba ya bambance tsatsa da ƙarfe, zai cinye zaren da hannun ke ɗauruwa a kai, in ya tafi kuwa shi ke nan. Sai na wanke ƙasar da ruwa da tsohon burushin haƙori, na zuba kananzir a gwangwanin madara na nutsa ta a ciki, na ajiye a inuwa. Daga nan ba abin da ya rage sai jira, kuma jiran nan shi ya fi tonon wuya. Bayan kowace salla sai in ciro ta, in ɗan ƙwanƙwasa kan da ƙotar cokali, in gwada murɗawa, in mayar. Kananzir ya yi ja, na sake wani. Kwana na biyu ya wuce a haka. A ɗaki kuwa Baba ya fara dafe kunne yana cewa ƙudan zuma sun shiga masa kai.

A kwana na uku zazzaɓi ya rufe shi. Malam Isa ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, ya kalli yadda gefen wuyan ya fara kumbura ta ƙasan hula, ya kira ni gefe ya ce shi dai ba zai ce a ɗaure tsoho ba, kuma ba zai ce a jira ba, amma kowace rana da aka ƙara tana da nata haɗarin. Da yamma Yaya ya same ni a gindin darbejiya da gwangwanin a gabana.

"Kwana uku sun cika. Ta buɗe?"

Na ce, "Ba ta buɗe ba."

"To gobe mota za ta zo."

"Yaya, ta fara sakin tsatsa. Ka duba ruwan. Ka ƙara min biyu."

Muryarsa ta ɗaga, abin da ba ya yi. "Ubanmu yana ruɓewa a ɗaki kai kana nan kana wasa da gwangwani! In ya mutu me za ka ce wa mutane? Me za ka ce wa Allah?"

Na mayar da askar cikin gwangwanin, kananzir na ɗiga daga yatsuna. Inna ce ta fito daga madafa, ta tsaya a tsakaninmu. Mace ce da ba ta sa baki a maganar maza, shekarunta duka ban taɓa jin ta yanke hukunci a gidan ba.

Ta ce, "Garba, ni na ji ihun da ya yi ranar nan. Shekara hamsin da wani abu ina tare da shi ban taɓa jin ya kira uwarsa ba sai ranar. In zai tafi, kada ya tafi a ɗaure yana ganin 'ya'yansa ne suka kai shi mayanka. A ƙara wa Sani."

Yaya ya dube ta, ya dube ni, ya kaɗa rigarsa ya fita. Ni kuwa maimakon in ji sauƙi sai na ji an ƙara min kaya, don yanzu har da Inna na jawo cikin abin da ban san ƙarshensa ba.

A kwana na huɗu da hantsi na sake dabara. Na tafasa ruwa na tsoma kan askar har ya yi zafi, na ciro na tsoma a ruwan randa, na yi haka sau da yawa. Na yanko robar tayar keke na naɗe hannun don kada tsagar ta ƙaru, na naɗe kan da tsumma, na riƙe, na yi bisimilla na murɗa. Na ji wani ɗan ƙas. Na ɗauka zaren ne ya karye. Na daɗe ban buɗe tsumman ba. Da na buɗe sai na ga hannun ya juya kamar faɗin farce. Na ɗiga man keken ɗinkin mahaifiyarku, na mayar baya, na sake gaba, kaɗan kaɗan, har ya fita gaba ɗaya. Zaren yana nan lafiya. Na sa bakin wuƙa na raba marfin da farantin, ragowar tsohuwar rezar ta zube kamar garin barkono.

Na jiƙa tsamiya mai kauri na zuba gudajen uku a ciki. Tsamin ya ɗaga koren nan, na bi da burushi, na bi tsakanin haƙoran ɗaya bayan ɗaya da tsinken tsintsiya, sannan na goge da toka mai laushi da tsumma. Farin da ke jikinta a da ya tafi, sai jan ƙarfe ya fito, duk ya yi ƙananan ramuka kamar fuskar wanda ya yi agana. Amma aska ce. Na sayo reza a kanti na ɗora, na ɗaure, na shafa sabulu a hannuna na ja a hankali. Nan take jini ya fito. Na ɗaga ta a rana na duba, sai na ga farantin ya lanƙwashe, nauyin ginin ya danne shi, bakin rezar ya fito da yawa ta gefe ɗaya. Da na kai wa Baba ita a haka, da da hannuna na tabbatar masa da abin da yake tsoro.

Kwana na biyar ranar kasuwa ce. Na hau babur na tafi wurin Malam Tijjani mai gyaran agogo da rediyo, dattijo ne mai haƙuri, yana da 'yar matsa ta ƙarfe a kan teburinsa. Na faɗa masa komai. Ya sa gilashinsa ya jujjuya farantin.

"Jan ƙarfe in ya tsufa ba ya son a mayar da shi inda ya baro. Yana iya miƙewa, yana iya karyewa. In ya karye ba ni da wani."

Na ce ya gwada. Ya sa farantin tsakanin katako biyu ya ɗaura a matsa, yana juya hannunta kamar mai tsoron tashin jariri. Ya kwance ya ɗora a kan gilashi ya duba, ya sake ɗaurawa. A karo na uku muka ji ƙarar da nake tsoro. Haƙori ɗaya na can gefe ya ɓalle. Na dafe kai. Shi kuwa ya ɗora farantin a kan gilashin ya danna kowace kusurwa, bai yi rawa ba. Ya ce haƙori ɗaya ba ya hana aski, ya goge gurbin da zarto mai laushi har ya daina kama yatsa, ya cike tsagar hannun da dalma. Muka ɗora reza, na sake gwadawa a ɗaya hannun nawa. Gashin ya tafi, fata ba ko ƙwarzane. Na dawo gida na tarar Baba bai sha ko ruwa ba tun safe, Yaya na zaune a ƙofar ɗakin, bai amsa sallamata ba.

Washegari Juma'a. Na tafasa askar a tukunya, na bar ta ta huce. Da hantsi muka fito da Baba tsakar gida muka zaunar da shi a kan tabarma, jikinsa zafi rau. Malam Isa ya zo, na roƙe shi ya bar jakarsa a zaure. Na kawo ƙwarya da ruwan ɗumi da sabulu, na ajiye askar a kan faifai a gaban Baba, reza a gefe cikin takardarta, na ja da baya. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya miƙa hannu ya ɗauka. Mutumin da ya manta yadda ake ɓalle maɓallin riga, na ga yatsunsa sun murɗe hannun, sun ɗaga marfin, sun ɓare takardar reza sun ɗora ta daidai, sun ɗaure. Ya shafa babban yatsa a kan haƙoran, ya tsaya a gurbin da ya ɓalle, ya ɗaure fuska.

"Wa ya taɓa min ita?"

Na ce, "Faɗuwa ta yi, Baba."

Ya yi tsaki. Na jira ya kai hannu ga hularsa. Maimakon haka sai ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa.

"Sani. Dubi kanka kamar na mahaukaci. Haka za ka je gaban Malam a makarantar allo? Zo nan ka durƙusa."

A ranar ina da shekara hamsin da 'yan kai, da furfura a gemuna. Na kalli hannunsa, rawa yake kamar ganye, ga sabuwar reza. Yaya ya miƙe tsaye ya ce, "Kada ka soma." Inna ta rufe baki da mayafi. Na san in na ƙi, ko na kai hannu zan karɓe, zai gane wayo muke yi masa, kuma ba za a sake samun wannan ƙofar ba. Na cire hulata na durƙusa a gabansa, na sunkuyar da kai. Ya jiƙa min kai, ya goga sabulu, ya dafe ƙeyata da hannun hagu yadda yake yi muna yara. Na ji sanyin ƙarfen a tsakiyar kaina. Na rufe ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ja na farko ya tafi lafiya. Na biyu ma. A na huɗu ko na biyar hannunsa ya karkace, na ji zafi a saman kunnena, wani abu mai ɗumi ya gangaro min wuya. Ban motsa ba. Ya sa yatsa ya dafe wurin, ya ce, "Ka cika motsi," ya ci gaba. Ya aske kamar rabin kan, sannan na ji numfashinsa ya yi nauyi, hannunsa ya sauka a kafaɗata.

Na ɗago a hankali na ce, "Baba, saura naka. Yau Juma'a."

Ya kalli askar, ya kalle ni.

"Hannuna ya gaji. Karɓi. Amma kada ka danna, nauyinta ya isa."

Ya sa hannu ya cire hular da kansa.

Ba zan kwatanta muku abin da muka gani ba. Inna ta juya baya. Na wanke askar a ruwan zafi, na sake sabuwar reza a gabansa, na fara daga nesa da ciwon, ina jiƙa gashin yana laushi ina bi kaɗan kaɗan, jinina na ɗiga a kan rigata. Haƙoran suna toshewa, ina kwancewa ina wankewa. Yana ta yi min faɗa, wai na cika gaggawa, wai ba haka ya koya min ba. Da na zo bakin ciwon ya ɗan zabura, na tsaya, ya ce in ci gaba mana. Da na gama Malam Isa ya matso da auduga a hannu, Baba bai ko dube shi ba. Ya wanke, ya duba, ya ɗago ya ce mana ciwon ya yi zurfi, ya fi ƙarfinsa, a tafi Kano yau.

Mun tafi bayan an sauko daga masallaci. Ba a ɗaure kowa ba. Baba ya shiga mota da ƙafarsa, askar na cikin aljihunsa, ya yi ta nuna mana gonakin da ya auna gyaɗarsu. Ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti. Ciwon ya warke, amma ya riga ya shiga cikin kunnen, kuma kunnen hagu bai ƙara ji ba har ya koma ga Allah. Likitan da ya duba shi ya ce da an kawo shi mako guda kafin nan, da wataƙila an ceci kunnen. Muna tsaye a baranda Yaya ya juyo ya ce min, "Ka ji?" Na ce na ji. Ban ce masa ai da an ɗaure shi wataƙila da bai iso da rai ba, don ban san haka ba. Har yanzu ban sani ba. Abin da na sani shi ne na zaɓa, kuma kunnen ubana ne ya biya. Daga ranar maganar da ke tsakanina da Yaya ta koma gaisuwa da abin da ya zama dole.

Baba ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni. Kowace Juma'a da hantsi nakan shimfiɗa tabarma in kawo ƙwarya, kuma bai taɓa yarda a taɓa kansa ba sai ya fara yi min nawa. Na koyi ɗora hannuna a kan nasa kamar ina gyara zama, ina rage masa rawar. Yaya ba ya zama a wurin. In ya ga na ɗauko faifai sai ya tafi gona, don har lokacin Baba bai daina ce masa mahauci ba, kuma ina ganin abin yana cinsa fiye da yadda yake nunawa.

Wata Juma'a a cikin kaka, ana ta shigo da dawa, Yaya ya ratso tsakar gida da dami a ka daidai lokacin da Baba ya gama da ni. Ya sauke damin zai juya, sai Baba ya ɗago askar ya nuna shi da ita.

"Garba. Kai kana ina aka yi wa ƙaninka? Kullum sai an neme ka. Zo nan."

Wata bakwai ke nan rabon da ya kira sunansa. Yaya ya tsaya cak. Ya kalli hannun Baba da ke rawa, ya kalli tabon da ke saman kunnena. Sannan ya kaɗe ƙaiƙayin da ke rigarsa, ya cire hularsa ya miƙa wa Inna, ya zo ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Baba ya fara goga masa sabulu yana mita. Daga ƙasa, ba tare da ya ɗago ba, na ji Yaya ya yi magana a hankali.

"Sani, matso ka riƙe masa hannun."